Barkwancin Ɗaure Fuska da Tsoron Agana: Nazarin Tarihi a Kan Fim Ɗin "Laughing Gravy" na 1931

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba neman hujjojinsu a cikin takardun hukuma da rahotannin ma'aikata da wasiƙun manyan mutane. Ba kasafai sukan waiwayi abin da ya ba mutanen wani zamani dariya ba, alhali kuwa dariya ma hujja ce, domin abin da al'umma ta iya yi wa dariya yana nuna iyakar tsoronta da kuma inda takalmi yake matsa mata. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauki wani gajeren fim na ban dariya da aka yi a Amurka cikin 1931, mai suna "Laughing Gravy", na Stan Laurel da Oliver Hardy, ta dubi yadda aka rufe shi da labarin ɓullar cutar agana, sa'an nan ta nemi dalilin da ya sa 'yan kallo na wancan lokaci suka karɓi wannan mummunan labari da dariya. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, wannan barkwanci ya zauna daidai ne saboda an yi shi a wani ɗan taƙaitaccen lokaci na tarihin Amurka, lokacin da agana take nan ba ta gushe ba, amma kaifinta ya dakushe, har wahalar killace gida ta fi cutar kanta damun talaka.

2.0 Ma'anar Barkwancin Ɗaure Fuska

Kafin mu shiga cikin fim ɗin, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmar da za mu yi ta amfani da ita. Hanyoyin ba da dariya suna da yawa. Akwai ba'a, inda ake tsokanar mutum a gabansa. Akwai gatse, inda ake faɗin kishiyar abin da ake nufi. Akwai kuma wasan faɗi-tashi, wato na santsi da tuntuɓe da watsa ruwa, wanda jiki ke yi ba baki ba. Wanda muke kira barkwancin ɗaure fuska ya bambanta da waɗannan duka. Shi ne wanda mai yin sa ba ya nuna ko alama cewa wasa yake yi. Yakan faɗi babbar magana da muryar da ake tambayar kuɗin albasa, ko kuwa ya ɗauki ƙaramin abu da nauyin da ake ɗaukar rasuwa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin nauyin al'amari da yadda aka karɓe shi. Saboda haka irin wannan barkwanci yana da sharaɗi guda: dole ne mai kallo ya riga ya san ainihin nauyin abin, in ba haka ba, ba zai ga tazarar ba. Wannan sharaɗi ne ya mai da shi abin amfani ga mai nazarin tarihi.

3.0 Masu Wasan da Zamaninsu

An haifi Stan Laurel a garin Ulverston na ƙasar Ingila cikin 1890, ya koyi sana'arsa a dandamalin wasannin nishaɗi na ƙasarsu, ya kuma fara zuwa Amurka cikin 1910 tare da ƙungiyar Fred Karno, wadda Charlie Chaplin ma yake cikinta. Shi kuwa Oliver Hardy an haife shi a jihar Jojiya ta kudancin Amurka cikin 1892. Kowannensu ya daɗe yana fitowa a fina-finai shi kaɗai, kafin kamfanin Hal Roach da ke Culver City, kusa da birnin Los Anjalis, ya haɗa su cikin 1927. Ɗaya siriri ne mai fuskar wanda bai fahimci kome ba, ɗayan kuwa ƙato ne mai ji da kansa, wanda yake ganin ya fi abokinsa wayo, alhali duk kanwar ja ce.

Abin da ya raba su da sauran masu ba da dariya na lokacin shi ne rashin gaggawa. Yawancin fina-finan ban dariya marasa magana na shekarun 1910 guje-guje ne da tsalle-tsalle. Su kuwa waɗannan biyu, tare da taimakon Leo McCarey wanda yake kula da ayyukan kamfanin a ƙarshen shekarun 1920, sai suka rage saurin wasa ƙwarai. Idan masifa ta auka wa Hardy, ba ya zabura. Yakan zauna cikin tarkacen da ya rufto masa, ya juyo ya dubi kyamara, wato ya dubi 'yan kallo ido cikin ido, kamar mai cewa ku shaida abin da nake fama da shi. Da fina-finai masu magana suka shigo, suka yi nasu na farko cikin 1929, mai suna "Unaccustomed As We Are", sai wannan natsuwa ta sami abokiyar tafiya, wato magana kaɗan da shiru mai yawa.

Zamanin kuwa ba na daɗi ba ne. Kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi cikin Oktoba 1929, masana'antu suka yi ta rufewa, har ya zuwa 1933 kimanin mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aikin yi. Ɗakin haya guda mai gado ɗaya da mutum biyu suke rabawa, da mai gida mai barazanar kora, abubuwa ne da 'yan kallo da yawa suka sani a rayuwarsu. Har ila yau, daga 1920 zuwa 1933 dokar ƙasa ta hana sayar da giya. Sunan fim ɗin kansa, wanda za a iya fassarawa da "romo mai sa dariya", saye ne da mutanen lokacin suke yi wa barasa, aka ɗauko shi aka laƙaba wa ɗan kwikwiyon da labarin ya ginu a kansa.

4.0 Labarin Fim Ɗin

An fito da fim ɗin cikin Afrilu 1931. James W. Horne ne ya ba da umarni, kamfanin MGM ya rarraba shi, tsawonsa kuwa naɗi biyu ne, wato kimanin minti ashirin. Gininsa ba sabo ba ne, domin cikin 1929 sun yi irinsa maras magana mai suna "Angora Love", inda akuya ce suke ɓoyewa a ɗaki maimakon kare.

Dare ne na hunturu, dusar ƙanƙara tana zuba. Laurel da Hardy suna kwance a ɗakinsu na haya, sun ɓoye ɗan karensu domin mai gida ya hana ajiye dabba. Shaƙuwa ta kama Laurel, kare ya yi haushi, mai gida ya farka. Wanda ya fito a matsayin mai gidan shi ne Charlie Hall, ɗan gajeren mutum mai saurin fushi, mutumin Birmingham ta Ingila, wanda ya fito a fina-finansu fiye da arba'in. Ya kama karen ya jefa shi waje cikin sanyi. Daga nan sai wahala ta bi wahala. Hardy ya fita da rigar barci don ya ɗauko karen, ƙofa ta kulle a bayansa, aka ɗaura zannuwan gado aka zuro ta taga, shi kuma ya ƙare cikin duron ruwa mai ƙanƙara. Suka ɓoye karen a bututun hayaƙi, ya haye rufin gida, suka bi shi can, suka dawo sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, sun kuma yi wa ɗakin ɓarna. Garin wanka mai gida ya sha ruwa a jikinsa. Haƙurinsa ya ƙare, ya ba su 'yan mintoci su tattara nasu ya nasu su bar masa gida.

Duk wannan wasan faɗi-tashi ne. Sai a minti na ƙarshe salon ya juya. Suna bakin ƙofa za su fita, sai ga ɗan sanda, wanda Harry Bernard ya fito a matsayinsa, da sanarwar cewa an killace gidan saboda agana, ba mai fita har wata biyu. Mai gida ya ce wannan kam ya fi ƙarfinsa. Ya juya ya shige ciki da bindiga, aka ji ƙararta daga inda ido ba ya gani. Laurel da Hardy da ɗan sanda suka tuɓe hulunansu, suka sunkuyar da kai cikin ladabi. A nan fim ya ƙare.

5.0 Inda Dariyar Take

Idan muka auna wannan ƙarshe da ma'anar da muka bayar a sama, za mu ga tazara iri uku. Ta farko, an ambaci agana amma ba wanda ya ji tsoron agana. Ba a nuna majinyaci ba, ba wanda ya tambayi wane ne ya kamu, ba wanda ya duba jikinsa ko ya nemi likita. Ɗan sanda ya isar da saƙon kamar mai karanta sammacin kuɗin haraji. Ta biyu, mutum ɗaya da labarin ya gigita, wato mai gida, ba cutar ce ta gigita shi ba, zama da 'yan hayarsa na kwana sittin ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A ma'auninsa, Laurel da Hardy sun fi annoba muni, kuma ɗan kallon da ya shafe minti goma sha tara yana ganin ɓarnarsu ya san ma'aunin bai yi nisa da gaskiya ba. Ta uku, waɗanda suka kai mutumin ga halaka su ne suka fi kowa nuna ladabi a kan mutuwarsa, ba tare da ya faɗo musu a rai cewa suna da hannu ba. Tuɓe hula alama ce ta girmama mamaci a al'adar Turawa, sun kuwa yi ta tsakani da Allah. Da ɗayansu ya yi ko murmushi, da wasan ya koma ƙeta.

Ana iya ƙarawa da cewa dokar da ta kamata ta zama masifa ita ce ta zama rufin asirinsu. Mutanen da za a jefa titi cikin dare da sanyi, hukuma ta tilasta musu zama a ɗaki, su da karensu. Ga ɗan kallon 1931 da kuɗin haya ke hana shi barci, a nan akwai wata 'yar ramuwa mai daɗi.

6.0 Agana a Amurka Kafin 1931

Mai karatu da ya taso a ƙasar Hausa, wanda ya ga zanzana a fuskokin dattawa da tabon lamba a damatsan iyayensa, zai iya mamakin yadda za a sa agana cikin wasa. A Nijeriya cutar ta ci gaba da kisa da makantarwa har zuwa gangamin rigakafi da aka soma cikin 1967, ba a kuma rabu da ita ba sai 1970. Amsar mamakin ita ce agana iri biyu ce. Akwai babba, wadda takan kashe kimanin mutum 30 cikin kowane 100 da suka kamu. Akwai kuma ƙarama, wadda wanda take kashewa bai kan wuce mutum 1 cikin 100 ba, har sau da yawa akan ɗauke ta ƙarambau ce.

Har ƙarshen ƙarni na 19 babbar ce Amurka ta sani. Ƙaramar ta ɓulla a kudancin ƙasar wajen 1896, ta bazu cikin 'yan shekaru, domin wanda ya kamu da ita yakan ci gaba da yawonsa da aikinsa, yana yaɗa ta. Tun da wanda ya warke daga ɗaya ba ya kamuwa da ɗayar, sai ƙaramar ta riƙa cinye wa babbar wuri. Wannan ya haifar da wani hali mai ban mamaki: yawan masu kamuwa ya hau, yawan masu mutuwa ya sauka. Cikin 1921 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da suka kamu a ƙasar, cikin 1930 kuwa, shekara guda kafin fim ɗin, fiye da 48,000, waɗanda suka mutu daga cikinsu ba su kai 1 cikin 100 ba.

Duk da haka sunan cutar bai rasa kwarjininsa ba. Annobar birnin Boston ta 1901 zuwa 1903 ta kama kusan mutum 1,600, ta kashe 270. Babbar agana ta sake leƙowa a biranen Detroit da Minneapolis cikin 1924, ta yi kisa. Dokokin da aka kafa saboda babbar kuwa suna nan daram, ana aiki da su a kan ƙaramar. Tun 1905 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Jacobson da jihar Massachusetts, ta tabbatar da ikon hukuma na tilasta yin lamba. Ma'aikatan lafiya sukan liƙa takardar gargaɗi a ƙofar gidan da aka sami agana ko makamanciyarta, a hana shiga da fita. Ga mai gidan haya wannan asara ce, domin baƙi sukan ƙaurace wa gidan, ga ɗan ƙwadago kuwa rashin albashi ne na makonni. Saboda haka mutane da yawa suka fi jin tsoron takardar ƙofa a kan ƙurajen kansu.

Mutanen Los Anjalis, inda aka yi fim ɗin, sun san killacewa a mummunar kamarta. Cikin 1918, lokacin murar nan mai kisa wadda ta hallaka kimanin mutum 675,000 a Amurka, an rufe gidajen sinima da makarantun birnin na makonni. Cikin 1924 kuma annobar da ƙuman ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a unguwar 'yan asalin Meziko, ta kashe kimanin mutum 30, aka zagaye unguwar da igiya da masu gadi ɗauke da bindigogi, daga baya aka rushe gidajen talakawa masu yawa. Wato ɗan sanda a bakin ƙofa da takarda a hannu ba ƙagen masu fim ba ne. Abin da suka ƙara shi ne tsawon wa'adin. Agana takan bayyana a jikin wanda ya ɗauke ta galibi cikin kwana 10 zuwa 14, shi ya sa akan tsare waɗanda suka yi hulɗa da majinyaci mako biyu zuwa uku. Wata biyu ƙari ne da aka yi da gangan, domin hukuncin ya yi wa mai gida nauyin da zai kai shi ga bindiga.

7.0 Ƙarshe Biyu ga Fim Ɗaya

Akwai wata hujja da ke nuna cewa wannan ƙarshe zaɓi ne. Tun farko an ɗauki wani naɗi na uku mai labari dabam. A cikinsa, suna haɗa kaya sai wasiƙa ta zo wa Laurel cewa wani kawunsa ya bar masa gado, bisa sharaɗin ya rabu da Hardy. Hardy ya yi ta mita, daga bisani ya ce ya tafi, amma kare zai zauna wurinsa. Laurel ya yayyaga takardar kuɗin, Hardy ya cika da murna yana zaton don shi aka yi, sai Laurel ya bayyana cewa karen ne ba zai iya rabuwa da shi ba. An cire wannan naɗi daga wanda aka nuna a Amurka, aka sa na killacewa a madadinsa, ba a kuma sake ganin na Ingilishinsa ba sai da aka gano shi cikin 1985.

Amma an yi amfani da shi a wasu harsuna. A farkon zamanin fim mai magana, kamfanin Roach yakan sa 'yan wasansa su maimaita fim da harshen Sifaniyanci ko Faransanci, suna karanta kalmomin yadda aka rubuta musu lafazinsu. An haɗa wannan fim da wani mai suna "Be Big!" aka yi dogo guda, "Los Calaveras" da Sifaniyanci, "Les Carottiers" da Faransanci, da labarin gadon a ƙarshe. Dalilin kasuwa ne ya jawo haka, domin dogon fim ya fi kawo kuɗi a ƙasashen waje. Duk da haka yana da kyau mu lura cewa a Meziko, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin fim na Sifaniyanci, babbar agana tana kashe dubban mutane kowace shekara a wancan lokaci, ba ta kuwa ƙare ba sai 1951. Da wuya sanarwar ɗan sandan nan ta faɗa a kunnen mutumin can yadda ta faɗa a kunnen mutumin Kalifoniya.

Idan muka kwatanta da sauran gajerun fina-finansu da suka taɓo rashin lafiya, za mu ga bambanci. A "They Go Boom" na 1929 mura ce ta kama Hardy yana ta raki kamar zai mutu. A "County Hospital" na 1932 karaya ce ta kwantar da shi, Laurel ya zo dubiya da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace masu ɓawo, ya zauna yana ci. A waɗannan, ƙaramin ciwo ne ake kambamawa. A fim ɗin da muke nazari kuwa an juya abin, babban suna ne aka ambata, kowa ya share.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa barkwancin ƙarshen "Laughing Gravy" yana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Dole sunan agana ya kasance da sauran nauyinsa, in ba haka ba shirun da aka yi masa ba zai ba da dariya ba. Dole kuma haɗarinta ya ragu, in ba haka ba dariyar za ta maƙale a wuya. Waɗannan sharuɗɗa biyu sun haɗu a Amurka ta 1931. Shekara talatin kafin nan, lokacin annobar Boston, na biyu bai cika ba. Bayan 1949, lokacin da aka ga masu agana na ƙarshe a ƙasar, a jihar Teksas, na farko ya soma zaizayewa. Cutar ta ƙare a duniya bayan wanda ya kamu da ita a garin Marka na Somaliya cikin Oktoba 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da gushewarta ran 8 ga Mayu 1980.

Wanda ya kalli fim ɗin yau zai yi dariyar duron ruwa da bututun hayaƙi ba tare da an yi masa bayani ba. Minti na ƙarshe kuwa yana bukatar tarihi. Waɗanda suka zauna a kulle a gidajensu cikin 2020 saboda cutar korona sun sami hanyar fahimtar rabinsa, wato rabin mai gida, domin sun ɗanɗana zaman dole da wanda ba su zaɓa ba. Ɗaya rabin, na yadda al'umma takan saba da cuta har ta fi jin zafin dokar da aka kafa dominta, shi ne ya fi cancantar nazarin malaman tarihi da na kiwon lafiya. Fatanmu shi ne masu bincike su riƙa ɗaukar wasannin ban dariya, na majigi da na dandamali da na rediyo, a matsayin madogara, su tambayi kowace dariya shekarar da aka yi ta da abin da masu yin ta suke tsoro.